Yadda Ake Gane Matan Dandamalin Jingju, Daga Murya Har Zuwa Taku

Duk wanda ya fara kallon Jingju, wasan gargajiyar birnin Beijing da ake haɗa waƙa da magana da rawa da faɗa a cikinsa, matan ne ke fara rikita shi. Fuskarsu kusan iri ɗaya ce: fari fat, ja a kewayen ido, gira a ɗage, baƙin gashi manne a goshi. Sai ya zaci mace ɗaya ce take ta canza riga. Sinawan da suka saba kuwa, kafin mace ta yi taku uku daga bakin labule sun san ko matar aure ce mai kamun kai, ko baranya ce mai tsiwa, ko jarumar yaƙi. Sun san mai hali ce ko talaka, har sukan san ko talaucin nata mai yankewa ne. Ba duba suke yi ba. Alamomi ne a shimfiɗe a jikinta, kuma ana koyonsu.

Fannonin wasan huɗu ne: sheng na maza, jing na masu zanen fuska, chou na masu barkwanci, sai dan na mata. Wannan dan ɗin ba shi da alaƙa da ɗan na Hausa, Sinanci ne zalla. Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne, kowane reshe na dan sana'a ce da ake shiga tun ana yara, da muryarta da takunta da kayanta. Wadda ta tashi a reshen tsofaffi tsohuwa take fitowa ko da shekarunta 20, wadda ta tashi a reshen 'yammata kuma budurwa take fitowa ko ta haura 60. Da can ma maza ne ke yin duka. Jingju ya samo tushe daga ƙungiyoyin wasa na lardin Anhui da suka shigo Beijing a 1790 don bikin cikar Sarki Qianlong shekara 80, a lokacin kuwa an riga an hana mata hawa dandamali a birnin tun 1772. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 ƙungiyoyin mata zalla suka ɓullo a Shanghai, bayan kafuwar jamhuriya a 1912 kuma ƙofa ta ƙara buɗewa. Yau mafi yawan masu yin dan mata ne, amma dabarun da suke amfani da su maza ne suka tsara su, shi ya sa komai nasu a ƙa'ide yake, har ɗaga yatsa.

Wajen faɗin sunayen, harafin q a rubutun Sinanci na boko yana kusa da c ta Hausa, x kuma tana kusa da sh. Qingyi, sunan ɗaya daga rassan dan, kamar a ce cing-yi ke nan.

Kunne kafin ido

Kada ka fara da fuska. Fara da murya, sannan hannun riga, sannan taku, sannan kai. Wannan jerin shi ne mafi saurin kai ka ga amsa.

Murya iri biyu ce. In ka ji siririyar murya ta aro, wadda ake matsowa can sama, to mace ce matashiya ko mai matsakaitan shekaru. In ka ji ainihin muryar maƙogwaro, mai faɗi da ƙarfi, to tsohuwa ce ko kuma 'yar barkwanci. Da wannan kaɗai ka raba gidan biyu.

Sai magana. Ko ba ka jin Sinanci za ka rarrabe salo biyu. Akwai yunbai, magana mai jan sauti, tana hawa tana sauka a hankali, tsakanin waƙa da zance; ita ce ta matan manya da masu mutunci. Akwai jingbai, Sinancin titin Beijing, mai sauri da kaifi kamar ana cacar baki a bakin rijiya; ita ce ta barori da 'yammatan talakawa. A kayan kiɗa ma akwai alama. Jinghu, ɗan abin gogen nan mai tsirkiya biyu da muryarsa ke kama da ta kukuma sai dai ta fi tsini, shi ke jan kowace waƙa. Amma in ka ji wani mai kaurin murya yana bin bayansa yana tausasa shi, wannan jing erhu ne, wanda makaɗan Mei Lanfang, namijin da ya yi fice a fannin dan, suka shigo da shi a shekarun 1920, kuma galibi waƙar mata yake raka wa. Shigowar mace mai natsuwa kuma da ɗan ƙaramin farantin tagulla ake buga mata, a hankali. In babban faranti ya ɓarke da kuwwa, mai makami ce ke tafe.

Qingyi, mai kamun kai

Qingyi na nufin baƙar riga ko riga mai duhu, kuma ita ce uwar gidan fannin dan. Matar aure ce mai amana, ko uwa mai haƙuri, ko 'yar manya da duniya ta juya wa baya. Jarinta waƙa. Tana iya tsayawa wuri guda ta rera baiti bayan baiti, jikinta bai motsa ba sai kaɗan. Tsofaffin masu kallo har suna yi wa qingyi ta dā laƙabi da mai rungumar ciki, don takan ɗora hannu ɗaya a ciki, ta saki ɗayan, ta yi ta waƙa.

Dubi hannun rigarta. A bakin kowane hannu an ɗinka farin siliki da ya zarce yatsu, tsawonsa wajen rabin mita, a wasannin da rawa ta yi yawa yakan kai mita ɗaya ko fiye. Sunansa shuixiu, hannun ruwa. Da shi take magana. In ta sake shi ƙasa da ɗan kaɗawa, tana gyara jiki ne kuma tana sanar da makaɗa cewa za ta fara waƙa. In ta ɗaga shi gefen fuska ta kare kanta daga abokin wasanta, abin da za ta faɗa a zuci ne, mu kaɗai muke ji. In ta rufe fuska da shi, kunya ce. In ta wurga shi baya da ƙarfi, ta yi fushi ta yanke magana. Kuka kuma, sai ta kama gefensa ta kawo kusa da ido, dama sannan hagu, ba tare da ya taɓa fata ba. Dalilin a fili yake: kwalliyar ta mai ce, in silikin ya taɓa ta ja zai kama shi, sauran wasan duk da tabo za a yi.

Gwanintar tana wajen maido da shi. Bayan an sake shi, dole ya hau wuyan hannu a ninke, yatsu su fito, da ɗan girgiza biyu ko uku. Ƙarfin daga gwiwar hannu da wuyan hannu yake fitowa, babban yatsa kuma ya tare ninkin. Sabuwar 'yar koyo takan sa kafaɗa a ciki, sai kafaɗar ta ɗage, silikin ya cukurkuɗe ya rataye a yatsu. Da ka ga mace tana kokawa da hannun rigarta, ka san aikin bai nuna ba.

Takunta gajere ne ƙwarai. Diddige ke fara sauka, sannan tafin ƙafa ya bi, ƙafa ɗaya ba ta wuce ɗayar sai da kamar rabin tsawonta, gwiwoyi a haɗe. In tafiya mai nisa ce ko ta gaggawa, sai ta yi yuanchang, wato ta kewaya dandamali da waɗannan ƙananan takun cikin sauri har ta zama kamar ruwa ne ke ɗauke da ita. Ma'aunin a nan shi ne kai da kafaɗa: kada su yi sama da ƙasa. A wajen koyo akan sa yarinya ta matse takarda tsakanin gwiwoyi. In takardar ta faɗi, takun ya yi faɗi. Yatsunta kuma a tsarin furen lanhua suke, babban yatsa ya kusanci na tsakiya, manuni a miƙe, sauran a ɗan lanƙwashe. Murmushinta ba ya bayyana haƙora.

Wang Baochuan ita ce misalin da za ka fara da shi. 'Yar waziri ce da ta zaɓi talaka Xue Pinggui, ta ɓata da mahaifinta, ta zauna shekara 18 a kangon ramin gasa tubali tana jiran mijin da ya tafi yaƙi. Za ka gan ta da baƙar riga da kwandon tsintar ganye. Lura da yadda take shiga ɗakinta: ta duƙa ƙasa sosai, ta juya, ta jawo kujera. Kujerar ita ce ƙofa, duƙawar kuma ita ce ta gaya maka ƙanƙantar wurin. Qin Xianglian, wadda mijinta Chen Shimei ya yi watsi da ita da 'ya'ya biyu bayan ya auri gimbiya, ita ma qingyi ce.

Huadan, mai rawar kai

In qingyi ta kunne ce, huadan ta ido ce. Baranya ce, ko 'yar mai shago, ko budurwar ƙauye. Galibi ba ta da hannun ruwa, hannayenta a waje suke. Tana sa gajeriyar riga da wando ko siket, wani lokaci da falmaran a kai, ko ƙyallen gaba mai ado irin na masu aikin gida, launuka masu haske. Kusan kullum akwai hankici ko mafici a hannunta. Jingbai take yi, waƙarta gajera ce, takunta na kazar-kazar, ƙugu na juyawa, hannaye na lilo.

Aikinta mafi wuya a ido yake. Idon huadan yana zuwa wuri kafin hannu ya nuna shi, yana satar kallo, yana gudu, yana dawowa. In idon ya mutu, duk tsalle-tsallen banza ne. Horon ido ya shafi duk masu yin dan; Mei Lanfang da kansa tattabaru ya yi kiwo, yana bin su da kallo a sama kowace safiya don idonsa ya yi kaifi.

Nemi wasan Sun Yujiao, yarinyar da saurayi ya yar wa munduwar dutse mai daraja a ƙofar gida. A nan ne za ka ga sana'ar tsirara. Dandamali ba kaji, ba ƙofa, ba allura. Ta zare sakata, ta buɗe ƙyaure biyu, ta ɗaga ƙafa ta tsallake dokin ƙofa. Ta kora kaji waje, ta watsa musu tsaba, ta ƙirga, ta ga ɗaya ta ɓace, ta nemo ta. Sannan ta zauna ɗinki: ta zaɓi zare, ta ja shi, ta tsinke da haƙori, ta murza bakinsa, ta auna kafar allura, ta kuskure, ta sake. Abin da za ka sa wa ido shi ne ko abubuwan da babu su suna zama inda aka ajiye su. In ta tsallake dokin ƙofa wajen fita, dole ta tsallake shi a daidai wurin wajen komawa. In tsawon zaren ya kai kamu biyu a jan farko, ba zai koma kamu ɗaya a ja na biyu ba sai dai a hankali yadda ɗinki ke cin zare. 'Yar wasan da ta manta dokin ƙofa ta ratsa bango ke nan, masu kallo kuma suna gani.

Hongniang, baranyar da ke kai wasiƙa tsakanin uwar ɗakinta da saurayi, ita ce huadan da aka fi sani, kuma Xun Huisheng ne ya fito da ita yadda ake yin ta yau. Tarkon wannan reshe shi ne wuce gona da iri. Tsiwar huadan ta yarinta ce mai daɗin kallo. In aka cika mata gishiri sai ta koma rashin kunya, wasan ya zube.

Wani abu da za ka gani a tsofaffin hotuna: ƙafafu 'yan mitsi-mitsi. Qiao ke nan, ƙafar katako da ake ɗaure wa ɗan wasa yana tsaye a kan yatsu, don kwaikwayon ɗaurarriyar ƙafar matan Sin na wancan zamani, wadda ake so kada ta wuce santimita 10. Ana danganta yaɗuwarsa ga Wei Changsheng, ɗan wasan Sichuan da ya yi tashe a Beijing a ƙarni na 18. Huadan da mata mayaƙa ne ke sa shi, qingyi ba ta sawa. An daina shi a babban yankin Sin a farkon shekarun 1950.

Mata masu makami

Su biyu ne, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Dubi bayanta. In akwai tutoci huɗu masu kusurwa uku a tsaye, daomadan ce, wato ta takobi da doki. In babu tuta, kayan a ɗame suke, gajeriyar riga da wando da ɗamara, wudan ce.

Daomadan shugabar runduna ce. Sulkenta, kao, na siliki ne mai nauyin surfani, daga ƙugu zuwa ƙasa ɗauke da jerin ƙyallaye masu launi. A kanta akwai kambi mai jerin tuntaye, da gashin wutsiyar wani tsuntsun daji guda biyu, kowanne ya kai mita ɗaya da rabi ko fiye. Bulala mai geza a hannunta ita ce doki: in tana riƙe da ita a kan doki take, in ta miƙa wa bara ta sauka. Gashin tsuntsun ma yana magana. Takan zame yatsu biyu daga gindinsa zuwa sama ta lanƙwaso shi don nuna isa, ta ciji bakinsa in ta ƙudura abu, ta sa shi rawa in ranta ya ɓaci. Ba a kama shi a tsakiya a karya kwana, karyewa yake yi.

Tutocin a cikin wata jakar fata ake soke su, a ɗaure ta a baya da igiya ta ƙirji. In ɗaurin ya yi sako-sako, tutoci su karkace ko su harɗe da gashin kai wajen juyi. In ya yi tsauri, numfashi ya gagara, ga shi kuwa daomadan dole ta yi waƙa da magana bayan ta gama faɗa. Wannan ne ya bambanta ta: faɗanta na nuna isa ne, ba ta cika alkafura ba, kuma ana son ta iya wasa da fuska kamar huadan. Mu Guiying, wadda ta kama Yang Zongbao a fagen fama sannan ta aure shi, ita ce babban misali, sai Fan Lihua.

Wudan kuwa jiki ne jarinta. Waƙa kaɗan, alkafura da yawa. Takan fito a matsayin aljana, ko macijiya da ta rikiɗa mutum, ko 'yar fashi. Abin da ta fi shahara da shi shi ne da chushou: tana tsakiya, maza huɗu ko fiye sun kewaye ta suna jefo mata mashi mai kai biyu, ita kuma tana mayar musu da ƙafa, ta gaba da ta baya, da kuma sandunan da ke hannunta, ganga na riƙe da lokaci. In ka ga mashi ya faɗi, kada ka yi saurin ɗora mata laifi. Sau da yawa daga mai jifa ne: in mashin bai zo a kwance ba, ko bai zo a tsayin da aka saba ba, ba ƙafar da za ta mayar da shi daidai. Guan Sushuang ta Yunnan ta yi suna da haɗa sana'o'in biyu, tana sanye da sulke tana mayar da mashi da tutocin bayanta.

Laodan da caidan

Laodan ita ce tsohuwa, kuma ita ce mafi sauƙin ganewa. Ba farar kwalliya, ba gashi manne a goshi. Furfura ce, da ƙyalle ɗaure a kai, da riguna masu launin ƙasa ko ruwan zaitun. Tana tafe da ɗan ranƙwafawa, ƙafafu a ɗan buɗe, sanda na riga ta sauka. Sandar ma shaida ce: mai kan long, dodon nan na almarar Sinawa, ta uwar sarki ce ko babbar gida kamar She Taijun, kakar gidan mayaƙan Yang, sandar gora kuwa ta matalauciya ce. Da ainihin murya take waƙa, kuma ana son dogon numfashi. Wahalar ita ce muryar ta yi ƙarfi amma ta zauna ta mace kuma ta tsohuwa. In ta yi kauri sai ta koma ta dattijon namiji, in ta yi zaƙi sai tsufan ya gudu. Gong Yunfu da Li Duokui, dukansu maza, su ne suka kafa ma'aunin wannan reshe.

Caidan ta ban dariya ce: mai dalilin aure, ko muguwar uwar miji, ko mai baki. Kwalliyarta da gangan ake ɓata ta, ja ya yi yawa a kunci, wani lokaci da baƙin tabo, da dogon lofe ko babban mafici. Sau da yawa namiji ne daga fannin chou yake yin ta. Tsohuwar da ta leƙo Sun Yujiao tana ɗaukar munduwa, ta dawo tana kwaikwayonta, caidan ce.

In alamomi suka cakuɗe

Za ka gamu da mace mai waƙar qingyi, da idon huadan, ga ta kuma da takobi. Ba ruɗewa ka yi ba, huashan ce, reshen da ya haɗa sana'o'in nan wuri guda. Wang Yaoqing, wanda ya rayu daga 1881 zuwa 1954, shi ya fara rushe katangar da ke tsakanin rassan, Mei Lanfang kuma ya kai abin ƙololuwa. Yu Ji, wadda ke rawa da takubba biyu a daren ƙarshe kafin sarkinta ya faɗi, huashan ce. Haka Yang Guifei, ƙwarƙwarar sarki da aka saɓa wa alkawari ta sha ta bugu, inda za ka ga ta ɗauki ƙoƙo da baki ta lanƙwasa baya. Manyan dan huɗu da suka yi tashe tun shekarun 1920 kowanne ya bar salo da ake bi har yau: Mei Lanfang murya mai santsi da daidaito, Cheng Yanqiu murya mai zurfi da ke yankewa tana ɗorawa kamar shessheƙa, Shang Xiaoyun ƙarfi da kuzari, Xun Huisheng shagwaɓa da wasa.

Launi ma yana yaudara. Ja na amarya ne da masu sarauta, amma kuma na fursuna ne. Fursunar da ake kira Su San tana fitowa cikin ja daga sama har ƙasa, da katako mai siffar kifi a wuya, kuma qingyi ce a hanyar kotu. Baƙar riga mai faci-faci na siliki kala-kala tana nuna talaucin da arziki ke biye da shi. Fari na makoki ne. Mace mai doguwar rigar Manchu, da faffaɗan ado a kai, da takalmi mai dunduniya a tsakiyar tafi, baƙuwar gimbiya ce daga wata ƙabila, ko a wane zamani labarin ya faru. Tana jingbai kamar baranya, amma waƙarta ta manya ce. 'Yan wasan suna da karin maganarsu: gara ka sa yagagge da ka sa wanda ba shi ba.

Yadda ake haɗa kan

Wanda ya san yadda ake gina wannan kai ya fi saurin karanta shi. Aikin yakan ci awa ɗaya zuwa biyu, kuma daga fuska ake farawa. A shafa farin fenti mai mai da aka ɗan surka da ja, ana bubbuga shi da tafin hannu don ya kwanta daidai. A sa ja, mafi kauri a fatar ido da gefen karan hanci, yana dusashewa zuwa kunci. Karan hancin a bar shi fari don ya fito. In aka ga iyakar inda ja ya tsaya, aikin ya ɓaci. A bi da hoda don man ya kama, a ƙara jan gari da buroshi, sannan a ja gira da baƙin layin ido zuwa sama, a zana baki ƙarami.

Daga nan sai letou. Doguwar igiyar ƙyalle ce da ake ɗaurawa a kewaye kai bayan an tura fatar gefen ido sama da yatsu, ita ce ke ɗage ido da gira. Nan ne azabar take. In ta yi tsauri, kai ya yi ciwo, jiri ya zo, sababbi har amai suke yi. In ta yi sako-sako, idon ya sauko, kuma duk abin da aka gina a kai yana iya zamewa a tsakiyar wasa, abin kunyar da ba a mantawa.

Sai pianzi, gashin mutum na gaske da aka yi tufka-tufka. Ana jiƙa shi a ruwan da aka tsoma askin wani itace da Sinawa ke kira yu a ciki, wanda ke fitar da yauƙi kamar na karkashi, a taje shi har ya kwanta. Ƙanana bakwai ake naɗewa a manna a goshi, na tsakiya a fara sawa kuma shi ya fi tsayi, uku dama uku hagu suna gangarowa kamar baka. Manya biyu kuma a manna su daga gefen goshi su bi kunci. Da waɗannan ake gyara fuska: mai faɗin fuska a matso da manyan gaba, mai doguwar fuska a sauko da ƙananan ƙasa. Yauƙin in ya tsinke, gashin zai ɓamɓare da zafin fitilu. In ya yi kauri, zai bushe da farin ɓawo.

Bayan haka a ɗaura dogayen baƙaƙen zaruruwa da ke zuba ta baya har kusan idon sawu, a sa raga, a soke babban tsinke da matashin gashi a ƙeya, a naɗa gashi a kansu ya zama dunƙule. Sannan a naɗe kan da baƙin ƙyalle shara-shara da aka jiƙa. A jiƙe ake sa shi don yana bushewa yana ƙara kamawa, don haka mai ɗauri yakan bar ɗan sarari.

Ado ne ƙarshe, kuma shi ne zai gaya maka matsayinta. Ƙananan ƙwallaye masu ruwan azurfa, ba ƙyalli, na matalauciya ne ko mai takaba. Duwatsun gilashi masu walƙiya na 'yammata ne da barori da amare, cikakken saiti yakan kai guda 50. Shuɗi mai sheƙi, diancui, na matan manya ne. Asalinsa gashin wani ɗan tsuntsu mai kamun kifi ne ake mannawa a kan ƙarfe. Yanzu an fi yin sa da rinannen siliki ko gashin dinya, don a bar tsuntsun ya rayu.

In za ka gwada idonka, ɗauki gajerun wasanni guda huɗu a intanet: na Wang Baochuan, na Sun Yujiao, na Mu Guiying, da na She Taijun. Kalli minti biyar na farkon kowanne sau biyu. Karon farko rufe ido ka saurari murya da farantin tagulla. Karo na biyu kashe sauti, ka kalli hannu da ƙafa kawai, ka jira lokacin da za ta tsaya cak bayan shigowa ta ɗaga ido, abin da suke kira liangxiang. Mace takan shigo ta hagunka ta fita ta damanka, don haka can hagu za ka ajiye ido tun kafin ta bayyana.